Jaguar ta 1962 a gaban alƙalan gasa

Ni makanike ne, a garejin gyaran tsofaffin motoci nake aiki a Ingila, kusa da Kobentiri, garin da aka ƙera Jaguar E-Type a masana'antar Browns Lane. Wani dattijo ya kawo mana tasa, ƙirar 1962 mai rufaffen sama, ya ce so yake ta shiga gasar da ƙungiyar masu Jaguar ke shiryawa, inda alƙalai ke duba yadda mota ta yi daidai da ranar da ta fito daga masana'anta. A gida an koya mana cewa gwani shi ne wanda ya tayar da mota da duk abin da ya samu. Wannan aikin wata ƙwarewar daban yake nema.

Kafin mu kwance noti ɗaya, maigidana ya sa aka nemo takardar shaida daga Jaguar Daimler Heritage Trust, cibiyar da ke ajiye tarihin motocin Jaguar. Ita ke faɗin ranar da aka haɗa motar, da launinta na asali, da lambobin shasi, inji, jiki da giya. Na kwanta da tocila ina goge datti da burushin waya a saman matatar mai, har lambar injin ta bayyana, ta kuma dace da ta takardar. Launin ne ya saɓa, wani ya taɓa mayar da ita ja. Dattijon yana son jan, amma ya haƙura.

Daga nan aka shiga ƙananan abubuwa, kuma nan aikin yake. Injin mai lita 3.8 ne, silinda shida, da kafireto uku na kamfanin SU. Kan injin fentin ruwan zinare yake ɗauka a wannan shekarar. Wutar motar dainamo ce, kuma gefen batir mai alamar tarawa ake haɗawa da jiki. Wani ya canza mata zuwa altaneta, wanda bai zo ba sai da injin 4.2 a 1964. Ya fi aiki, babu gardama, amma muka cire shi. Tsakiyar dashbod farantin alminiyom ne. Hatta maɗaurin tiyon ruwa sai mai tambarin Cheney, kawunan notuna kuma masu rubutun GKN ko BEES. Tsofaffin notunan da muka kwance na jiƙa su na wanke ɗaya bayan ɗaya, domin sabon na kanti kansa a shafe yake, alƙali kuwa zai lura.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne riƙe hannuna. Ma'aikatan Jaguar da sauri suke aiki, akwai wuraren da ba su goge ba, akwai inda fentin ƙarƙashin jiki bai kwanta sumul ba. Idan ka sheƙa wa ƙarfe kurom alhali asalinsa baƙin fenti ne, an rage maka maki komai kyansa. Shekara ma tana da nata hukunci: makullin bonet na waje motoci 500 na farko kawai ke da shi a 1961, sa shi a tamu ƙarya ce.

Ranar gasa aka jera motoci a kan ciyawa, bonet da but da ƙofofi a buɗe. Kowace tana farawa da cikakken maki, ana ragewa. Alƙali ɗaya ya ɗauki inji, ɗaya ciki, ɗaya jiki. Suka sa dattijon ya kunna fitilu ya danna oda. Alƙalin inji ya durƙusa ya daɗe yana kallon bututun hayaƙi, wanda baƙin rufinsa mai sheƙi ke tsagewa da zafi. Namu ya fara tsagewa, ya rubuta. A but suka buɗe jakar kayan aiki, sifana ɗaya ba ta asali ba ce, nan ma maki ya tafi.

Tun daga lokacin, duk motar da ta shigo sai na ɗauki hoton kowane lungu kafin in taɓa ta, kuma ba na jefar da komai. Ina ganin shi ya sa gasar motoci ta Pebble Beach a Amurka, wadda aka fara a 1950, ta ware rukuni ga motocin da ba a taɓa sabuntawa ba. Daga irinsu muke gane ta ina waya ta bi, da irin ɗinkin da ke jikin kujera.