Godiya Bayan Kammala Kwas ɗin Access

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun kammala kwas ɗin Microsoft Access, manhajar adana bayanai da tsara su, a wata cibiyar kwamfuta da ke titin Bauchi a nan Jos, kuma rajistar Islamiyyarmu ta Anguwan Rogo ta tashi daga littattafai da manhajar lissafi ta Excel ta koma rumbun bayanai na kwamfuta. A matsayina na magatakardan makarantar, akwai mutanen da dole in gode musu a bainar jama'a.

Na farko malaminmu. Darasin farko bai bari mun kunna kwamfuta ba. Takarda da biro ya ba mu, ya ce kowa ya zana abin da yake son adanawa. Wasu suka fara gunaguni, ai ba don biro suka biya kuɗi ba. Sai ya juyo gare ni: "Malam, Aisha Muhammad nawa gare ku a makaranta?" Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar Islamiyya ya san amsar. Kusan kowane aji akwai su, wani ajin har da Aisha Muhammad babba da ƙarama. Daga nan ya fahimtar da mu dalilin ba kowane ɗalibi lambar da babu mai irinta, da dalilin raba tebur, wato jadawalin bayanai, na ɗalibai da na biyan kuɗin zango, a haɗa su da wannan lamba. Sunan yaro da lambar wayar mahaifinsa sau ɗaya ake shigar da su, ba kamar yadda muke yi a da a Excel ba, kowane zango a sake kwafewa, rubutun sunan yana sauyawa. Yanzu in Hajiya shugaba ta tambayi su wa ba su biya ba a aji uku, kafin ta zauna rahoton ya fito.

Amma abin da ya fi sa ni wannan rubutu shi ne bayan kwas. Cibiyoyi da dama, da sun miƙa maka satifiket an rabu ke nan. Shi kuwa ya buɗe mana zauren WhatsApp yana amsa tambaya har bayan Isha'i. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakar shigar da bayanai, fayil ɗinmu ya ƙi buɗewa, a waya ya bi da ni har muka gyara shi. Washegari ya hau acaɓa cikin sanyin Jos ya zo da kansa, ya raba rumbun gida biyu, tebura a kwamfuta ɗaya, fom ɗin shigar da bayanai da rahoto a kowace, don ni da ma'aji mu riƙa aiki lokaci guda. Ko kuɗin mai bai karɓa ba. Kuma bai ɓoye mana iyakar manhajar ba: a Windows kaɗai take aiki, ba ta hawa waya, fayil ɗinta ba ya wuce gigabait 2, don haka ya hana mu cusa hotunan yara a ciki. Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan magabata.

Godiya ga Hajiya da kwamitin iyaye da suka biya kuɗin kwas, da Yaya da ya ara mini laftof ɗinsa, da abokan karatu, musamman 'yar'uwarmu mai kantin magani a Farin Gada da ta riga kowa gane yadda ake tace bayanai. Uwargida ma ta yi haƙuri da dawowar dare.

Iyayen yara, daga wannan zango rasit bugagge za a riƙa ba ku. Lambar yaronku tana samansa, don Allah a zo da ita ranar biya.