Abin da na koya a bakin mikroskop game da ciwon mata

Makonni kaɗan da fara aikina a labo, ɗakin awo na asibiti, nan Tawa, wata tsohuwa daga wajen Buza ta kawo ɗiyarta awo. Ina ƙoƙarin yi mata bayani da Hausa, sai bakina ya suɓuce na ce, "Inna, farin jini ne ya yi mata yawa." Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Ɗiyata, in farin jini ya zama ciwo, to Allah ya ƙara mana." Tun ranar nake faɗin sunan cikakke, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake rubutawa lekosit a takardar sakamako. Wannan suɓutar baki ce ƙaramin kuskurena a kansu. Manyan suna gaba.

A makaranta an koya mana cewa a jinin baligi mai lafiya ana samun tsakanin 4,000 da 11,000 a ɗigon da ake aunawa, in suka haura to jiki na faɗa da wani abu. Na haddace wannan kamar karatun allo. Sai ga wata mai ciki wata bakwai, na auna na ga 14,000. Na ja wa lambar layi da jan biro, har na gaya mata akwai cuta a jininta, abin da ba ma hurumina ba ne. Ta fita tana share hawaye. Ungozomar asibitin, wadda a nan muke ce wa sajifam, ta kusa ritaya lokacin, ita ta biyo ni da takardar. Ta tambaye ni ko matar na zazzaɓi, na ce a'a. Ciwon mara? A'a. Zafin fitsari? A'a. Ta ce, "To me kika ja wa layi? Cikin kika ja wa layi."

Gaskiyarta. Ciki da kansa yana ɗaga su, musamman irin da ake kira nitirofil, har su kai 15,000 ba tare da wata cuta ba, a lokacin naƙuda kuwa suna iya wuce 20,000. Daga baya da na koma ga littattafaina na gane cewa jikin mace yana aiki da waɗannan ƙwayoyi ko babu abokin gaba a kusa. Kafin al'ada ta zo, in sinadarin furojestaron ya sauka, suna cika shimfiɗar mahaifa su taimaka ta saɓule, su kuma tsaya gyaran wurin. A farkon ciki akwai wasu na musamman da ake kira NK na mahaifa, su ne kusan kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin da ke wurin, kuma suna cikin masu buɗa hanyoyin jinin da za su ciyar da mabiyiya. In haihuwa ta kusa, suna shiga bakin mahaifa ya yi laushi. Ni da na ɗauke su sojoji kawai, ashe har gini da rushewa suna yi.

Kuskurena na biyu a fitsari yake, kuma ya daɗe kafin in farga. Mata da yawa sakamakonsu na fitowa da lekosit jingim, a rubuta musu maganin ciwon mafitsara, su sha, su dawo da abin da ya kawo su. Ashe farin ruwan da ke fita ta gaba ne yake gauraya da fitsarin. Ni kuma miƙa kwalba kawai nake yi in nuna hanyar makewayi. Wasu ma tun asuba suka yo shi a gida cikin tsohuwar kwalbar magani, suka hau mota daga Keita ko Illela, sai rana ta take su iso. Yanzu ba na ba mace kwalba sai na tsaya da ita: ta yi tsarki da ruwa zalla, ta bar na farko ya zuba, ta tari na tsakiya, ta kawo mini nan take. Minti biyu ne, amma ya rage mana rubuta ordinans, takardar magani, ta banza fiye da duk wata na'ura da aka taɓa kawo mana.

Inda abin ya fi wuya shi ne awon farin ruwan kansa, domin a bakin mata duka sunansa ɗaya, sanyi. Ƙaiƙayi sanyi, wari sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa ma sanyi. A ƙarƙashin mikroskop kuwa kowanne da fuskarsa. Akwai wanda ke zuwa da ƙarni kamar na kifi, ka duba ka ga fararen ƙwayoyin jini 'yan kaɗan ne. Na taɓa ce wa irin wannan lafiya lau saboda ban ga lekosit ba, alhali ƙwayoyin kirki masu riƙe tsamin wurin ne suka ƙare, wasu suka mamaye. Yawan wanke ciki da sabulu da cushe-cushen kayan matsi na cikin abin da ke jawo shi, kuma in na faɗi haka ba kowace ke jin daɗi ba. Akwai mai ƙaiƙayi da fitar abu kamar nono da ya tsinke, wannan kandida ce. Akwai kuma tirikomonas, wadda ta fi ba ni wahala: girmanta kusan ɗaya da farar ƙwayar jini, motsinta kawai ke tona ta. In aka bar gilashin ya jima a zafin Tawa na watan Afrilu, sai ta daina motsi ta saje da lekosit, ka ƙirga ta cikinsu ba ka sani ba. Shi ya sa in aka kawo irin wannan awo nake ajiye komai in duba shi tukuna, ko da masu jiran sakamakon masassara za su yi gunaguni.

Wanda ke ba ni tsoro shi ne in ga lekosit cike da fili amma babu wata ƙwayar cuta da ido zai kama. Sau da yawa kilamidiya ce, wadda ke ɓuya cikin ƙwayoyin jikin mace, awonmu na yau da kullum ba ya nuna ta. Ba ta da hayaniya. Tana hawa a hankali zuwa bututun da ƙwai ke bi, fararen ƙwayoyin jini su bi ta can, kumburin faɗan da suke yi ya bar tabo. Tabon ne ke toshe hanya, ko ya sa ciki ya zauna a bututu. A ƙasar Adar, inda maza da yawa ke ci-rani a Abijan ko Libiya ko Nijeriya su dawo shekara-shekara, maganar ba ta tsaya kan mace ɗaya ba. In ba a yi wa maigida da abokiyar zama magani tare ba, wata uku za ka sake ganin fuskar nan a layi. Wannan bayani aikin likita ne da sajifam, ni dai na koyi rubuta abin da na gani dalla-dalla don su samu abin kamawa.

Akwai kuma wadda awon jininta ke fitowa tsaf alhali duk wata tana birgima da ciwon mara. Ciwon da ake kira andometiriyoz, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta, yana kama kusan mace ɗaya cikin 10 masu shekarun haihuwa. Kumburinsa a cikin ciki yake, ƙirgen lekosit na jini ba ya fallasa shi. Na daina barin irin waɗannan su tafi da tunanin cewa raki ne.

Bara wata matashiya daga wajen Ƙonni ta zo, ta ce shekara biyu tana shan maganin sanyi, na farmasi da na masu talla a faranti, har ba ta iya lissafa jikkunan da ta kashe. Jimillar lekosit ɗinta ba ta wuce ƙa'ida sosai ba, amma da na rarrabe su sai na ga irin da ake kira iyozinofil sun yi yawa, su kuwa tsutsa ce ta fi tayar da su. Na tambaye ta inda take wanki. Ta ce a magudanar ruwan lambu, tun tana yarinya. Na ce ta dawo gobe ta ba ni fitsari tsakanin ƙarfe 10 da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsargiya ya fi fita. Washegari ga su nan a gilashi, kowanne da ɗan tsininsa a ƙarshe. Na kira ta ta leƙa da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Malama, wannan ne sanyin?" Likita ya rubuta mata farazikwantel, maganin tsargiya, ta tambaya ko za ta iya turo ƙannenta mata biyu, domin tare suke wankin.