Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: "Kai kaɗai ka iya"

Makon jiya na yi muku alkawarin labarin komawata Zariya, amma maganar ɗan Kawu ta tsaya mini a maƙogwaro, dole in fitar da ita tukuna.

Inna, Allah Ya jiƙanta, ba ta gajiya da cewa: "Ka ji tsoron mai ce maka kai kaɗai ka iya." Muna yara mun ɗauka mitar tsofaffi ce. Sai da na fara koyar da adabin Turanci a sakandare na tarar da maganarta cikin wani gajeren labari na Edgar Allan Poe, Ba'amurke, wanda aka fara bugawa a 1846. Wasu iyaye sun yi ta ƙorafi wai labarin giya nake karantar da 'ya'yansu, alhali halin ɗan Adam nake nuna musu.

A Italiya abin ya faru, lokacin wani biki da gari ke cika da shagali. Montresor na riƙe da Fortunato a zuci, wai ya ci masa mutunci, amma bai taɓa ɓata masa fuska ba. Ya san mutumin yana ji da kansa wajen sanin giya. Sai ya ce ya sayo wata mai tsada, yana shakkar ko ta gaske ce, amma tunda Fortunato na da uzuri, bari ya nemi Luchesi, wani da shi ma ake cewa ya san giya, ya ɗanɗana. Wannan sunan shi ne tarkon. Fortunato da kansa ya kama hannunsa ya ce su tafi. A ramin ƙarƙashin gida, inda ƙasusuwan kakanni ke jibge, tari ya sarƙe shi, Montresor na ta cewa su koma, lafiyarsa ta fi komai, ai ga Luchesi. Yana faɗa, wancan na ƙara nausawa ciki, ƙararrawar hularsa na kaɗawa. Barorin gidan ma haka Montresor ya yi musu: ya ce ba zai dawo ba sai da safe, kada kowa ya fita, don ya san yana juya baya za su watse. Ƙarshe ya ɗaure Fortunato da sarƙa, ya gine shi da ransa cikin bango, kuma sai bayan shekara 50 ya buɗe baki.

To Yaya Babba shanu ya sani. Ya dafa ƙugun bijimi, ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya faɗi shekarunsa da kuɗinsa, ba ya kuskure. Duk Juma'a yana kasuwar Wudil. Ɗan Kawu kuwa tun rabon gadon Malam yake ganin an danne su, amma kullum "Yaya, Yaya", har takalmi yake juya masa.

Ina zaune a zaure ranar da ya zo. Ya durƙusa ya ce akwai garken da za a ba shi bashi, yana son mai ido ya duba ya tsaya masa. "Amma Yaya ƙafarka na ciwo, ka huta. Bari in kira dillalin nan na bayan masallaci, an ce shi ma ya iya." Yaya ya ture kofin furarsa ya ce a miƙo masa sanda. Jikina ya yi sanyi, don na san wannan karatun. Na bi shi har ƙofar gida na tuna masa maganar Inna, ya ce: "Kai ɗan boko, me ka sani a shanu?"

Shanun lafiyayyu ne, idon Yaya bai gaza ba. Ɗan Kawu ne ya sayar da su ya yi ɓatan dabo, masu bashi suka riƙe wanda ya tsaya. Gonar fadama ta tafi, wadda Inna ke shuka albasa a gefenta. Yaya bai ƙara taka Wudil ba har ya rasu.

Bara ɗan Kawu, wanda yanzu Alhaji ne, ya aiko neman auren Auta wa ɗansa. Ɗan aiken ya fara da cewa duk dangi ni kaɗai na iya tarbiyya. Na mayar musu da goronsu. Goggo na ta yawo gida-gida tana cewa na yanke zumunci, kuma har yau babu wanda ya tambayi ɗan Kawu ina kuɗin shanun.