Abin da Javelin ƙirar 1971 ta koya mini

Jiya na kwashe gudumomina daga garejin da na shekara shida ina aiki a bayan garin Ditroit. Na ajiye musu mukulli a kan tebur, na yi sallama da mutanen Asabar, wato masu kawo tsofaffin motocinsu suna gyarawa da hannunsu don sha'awa. Yawancinsu ba makanikai ba ne. Akwai tsofaffin ma'aikatan kamfanin mota da suka yi ritaya, akwai direban babbar mota, har da likitan haƙori. Abin da ya haɗa su shi ne motocin nan masu injin silinda takwas da Amurka ta yi yayi tun daga fitowar Pontiac GTO a 1964 har zuwa lokacin da matsalar man fetur ta 1973 ta karya kasuwarsu. Ni kuma aikina shi ne in ƙera musu abin da tsatsa ta cinye, domin a jihar Mishigan gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ba ya barin ƙarfe da rai.

Mai Mustang ko Camaro ba shi da damuwa sosai, kusan duk ɓangaren bodin da yake so zai yi oda a kawo masa sabo a kwali. Mai Javelin ne abin tausayi. Kamfanin AMC da ya yi ta ya daɗe da shuɗewa, tun 1987 Chrysler ya saye shi, saboda haka abubuwa da yawa sai dai a zana a kwali, a yanka faifan ƙarfe, a buga da hannu.

Irinta wani dattijo ya kawo, ƙirar 1971, wadda mahaifinsa ya saya sabuwa. Gefen baya na dama, saman taya, ya ruɓe har yatsa yana shiga. Mako uku na yi ina ƙera madadinsa. Na buga shi a kan jakar yashi, na bi da shi ta injin nan mai gargare biyu na ƙarfe da ke murje faifai ya ba shi doro, ina gwadawa ina komawa, har ya zauna daram kamar a wurin aka haife shi. Saura walda kawai.

Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san ƙarfen bodi kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Inda ka yi walda, yana hucewa yake tsukewa, ya jawo na kusa da shi. Shi ya sa ake yi ɗigo-ɗigo: ka ɗiga nan, ka tsallaka can nesa, ka jira ya huce har ka iya ɗora tafin hannu, ka tara masa ƙarfe ta baya ka doki ɗigon da guduma ya saki, sannan ka ƙara. Tun ina yaro a Ƙofar Ruwa maigidana ya koya mini haka, da waldar gas, a kan bodin Fijo 504. Ba zan ce ban sani ba.

Amma watan Agusta ne. Asabar ta uku a watan ake taron tsofaffin motoci a titin Woodward, kuma ogan garejin ya riga ya yi wa dattijon alƙawarin motarsa za ta fita. Ranar Litinin ya tsaya a kaina yana duba agogo, ya ce mai fenti na jira, yau yake son a gama. Sai na ja walda a miƙe, tsawon kamar taƙi ɗaya, ban tsaya ba. Ina ɗaga gilashin fuska na ji ƙarfen ya yi ƙara, ɓam. Na shafa, na ji tsakiyarsa ya lotsa, in ka danna ya shiga, in ka saki ya dawo kamar murfin gwangwani. Aikin mako uku ya tafi a ƙasa da minti ɗaya.

Na ce masa, "Oga, sai an yanke an sake." Ya ce babu lokaci, in cike da fila, wato kwaɓin da ake shafawa a rufe lotsawar bodi, fenti zai rufe. Nan ne laifina na gaskiya, wanda ya fi na waldar ciwo: na ɗauko gwangwanin na kwaɓa. Fila in ta wuce milimita uku an shiga haɗari, ni kuwa na lafta ninkin haka. Na goge ta sumul, aka fesa fenti, mota ta fita tana ƙyalli, dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Sanyi ya zo ya wuce. A watan Maris ya dawo, fenti ya tsage siriri kamar gashi. Bai yi faɗa ba. Ya ciro ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle daga aljihu, ya ɗora a ƙofa, ya kama. Ya ja shi a hankali zuwa baya, yana isa saman taya sai ya faɗi ƙasa, domin maganaɗisu ba ya kama fila. Duk garejin ya yi tsit.

Abin da oga ya faɗa har yau yana kunnena. A gaban kowa ya ce ya sha gaya mini nan ba irin aikin da na saba yi a can gida ba ne. Mutumin da ya ce in cike, shi ne ya jingina abin ga ƙasar da na fito. Alhali maigidana na Kano, wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin injinan da ke garejin nan, yakan miƙe fenda da guduma da wuta har sai ya rufe ido ya shafa bai ji tudu ba, kafin ya yarda a taɓa fila. Na yi shiru, domin hannuna ne ya shafa. Amma ban yafe wannan magana ba, kuma bai taɓa janye ta ba.

Na ce wa dattijon, "Baba, ni na ɓata, ni zan gyara, ba za ka biya ko sisi ba." Asabar bakwai na yi a kai, a lokacina, da ƙarfen da na saya da kuɗina. Yakan zo ya zauna a kan bokiti yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ke kai su bakin tabki a cikinta. Waldar kaɗai ta ci mini yini biyu. Da na gama, kafin a kai wa mai fenti, na ce ya kawo maganaɗisun. Ya bi layin daga farko har ƙarshe, bai saki ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kada ka ɗora ƙarfe a kan ƙarfe ka yi walda don sauƙi, ruwa zai kwanta a tsakani; haɗa su baki da baki. Kafin ka kai wuta kusa da inda rufi ya haɗu da gefen baya, ka tuna dalma kamfani ya cike wurin da ita, hayaƙinta guba ne. Ajiye duk kwalin da ka zana, ka rubuta sunan mota da shekara. In oga ya ce ka yi abin da ka san ba daidai ba, ka sa ya maimaita a gaban mai motar.

Mutum huɗu daga cikin mutanen Asabar sun karɓi lambata da za su tafi. Na kama hayar wani ɗan wuri mai cin mota biyu. Litinin mai zuwa za a kawo mini Dodge Charger ƙirar 1969, wadda ruwa ya ci kusurwoyin gilashinta na baya kamar yadda yake yi wa irinta. Na gaya wa mai ita wata biyu, ya ce ko za a iya a ɗaya, na ce biyu.