Babur na Alhaji, karaya tawa

Acaba ce sana'ar da na fara riƙe kaina da ita a Kano, kuma ba ni na ajiye ta ba, ɗauke ta aka yi. A watan Janairun 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta, Allah ya jiƙansa da rahama, ba a yi mako guda ba gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur. Ba zan ce babu dalili ba. Duk wanda ya zauna a Kano a shekarun nan ya san yadda ake zuwa a kan babur a yi ta'asa a sulale. Amma dai mun kwanta da sana'a mun tashi babu. Masu ɗan abin hannu suka koma Adaidaita Sahu, mu kuwa da ba mu da kuɗin kafin alƙalami, ba mu da mai tsaya mana, muka bi motar shanu sai Ikko, wato Legas. Can muka tarar 'yan Maiduguri sun riga mu, su tun 2011 aka hana su.

A Agege na sauka. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ya ba ni sabon babur ƙirar Boxer a kan sharaɗi: kullum in kawo masa balas, ban da Lahadi, wannan ranar tawa ce. In na cika adadin da ya yanka, wanda ya kusa ninka kuɗin babur ɗin a shago, ya zama nawa. A kan bencin ƙofar shagonsa muka yi maganar, muka shafa fatiha, ya miƙo makulli. Haka kowa yake yi, kuma wanda ya zo gari da leda ɗaya a hannu ba shi da bakin cewa a rubuta.

Masu cewa irinmu ba ma biyan haraji ba su taɓa kwana a tasha ba. Kafin ka ɗauki fasinjan farko ka yanki tikiti. Wata 'yar takarda ce mai launi, ka naɗe ta ka cusa a ƙarƙashin robar da ke ɗaure a kan tanki, don duk inda aka tare ka sai ka nuna. Ka tsallaka gada ka shiga wata unguwa, wasu samari su riƙe maka kan babur, nasu tikitin daban. Da yamma akwai na yamma. Tun 2012 dokar hanya ta Legas ta haramta mana tituna 475, saboda haka in fasinja ya ce ka tsallaka da shi babban titi, ka san ko dai ka yi asarar kuɗinsa, ko ka tanadi na masu kamu. Ga mai, ga baƙin mai, ga faci, ga bakanike. Sai ka ware na Alhaji, abin da ya saura shi ne naka, a ciki za ka ci, ka biya kuɗin wanka da na bayan gida, ka aika gida. Duk takardun nan da nake karɓa tun asuba har isha'i, babu ɗaya da aka taɓa rubuta sunana a kai. Kuɗina yana shiga ko'ina, ni kuwa babu inda aka san da ni.

Ban fahimci nauyin wannan ba sai da damina ta kama ni a ƙasa. Ana yayyafi, titi da santsi, wata danfo, ƙaramar bas ta haya, ta tsaya ba sigina, kwandasta ya fito da ƙafa, na kauce masa na haɗu da bakin kwalbati. Fasinjata Allah ya tsare ta, sai gwiwa da ta kuje. Ni kuwa ƙashin ƙwaurina ya karye. 'Yan tasharmu suka ɗauke ni zuwa wurin wani maɗori, ya ja ƙafar ina salati, ya jera 'yan sanduna ya ɗaure da tsumma. A lokacin na biya fiye da rabin kuɗin babur ɗin.

Alhaji ya zo duba ni da lemo a leda, ya yi mini addu'a mai tsawo. Da zai tashi ya ce, "To yaro, ka san babur ba ya kwana ba aiki. Ba ni makullin in ba wani ya riƙa juyawa kafin ka miƙe."

Na ce, "Alhaji, abin da na biya fa?"

Ya ce, "Ka warke tukuna, Allah ya ba mu rai da lafiya."

Da na warke sai maganar ta zama wai abin da na biya kuɗin haya ne, tunda ban cika ba. Babu shaida, babu takarda, wanda ya zauna a wurin ranar da muka shafa fatiha yaron shagonsa ne. Masu yankar tikiti kuwa, da na yi shekaru ina ba su kuɗi kowace safiya, ko sannu babu wanda ya aiko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan sana'a riba hawa take yi sama, haɗari kuma ya gangaro ya tsaya a kan wanda yake riƙe da kan babur.

Abin da ya ciyar da ni a kwancen nan littafin mai shayi ne. Akwai wani dattijo mutumin Haɗeja da yake da teburin shayi kusa da masallacin da muke kwana. Kowane dare bayan isha'i, 'yan tasharmu kowa ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, Baba ya buɗe wani littafin makaranta da mai ya jiƙa bangonsa, ya sa hannu a gaban sunanka da ajami. Rabi adashe ne, rabi na ranar tsautsayi: wanda ya karye, wanda aka kama wa babur, wanda ya rasu za a kai gawarsa maƙabarta a sanar da gida. Daga nan aka biya maɗori, daga nan ake kawo mini shayi da burodi safe da dare. A duk faɗin Ikko, nan ne kaɗai sunana yake a rubuce. Daga baya na ji labarin matan Ahmedabad a Indiya, masu talla da dako da ɗinki a gida, da suka kafa ƙungiyarsu ta SEWA a 1972, bayan shekara biyu suka buɗe bankinsu. Da na ji, littafin Baba ne ya faɗo mini a rai. Bambancin kawai su sun kai nasu inda hukuma take jin maganarsu, namu kuwa yana ƙarƙashin gwangwanin madara, in Baba ya yi tafiya sai a jira shi.

Da adashen nan na sayi tsohon babur nawa na kaina. Sai ga 1 ga Fabrairun 2020, aka hana okada, wato acaba, da Keke Napep a manyan sassan birnin, Ikeja da Surulere da Apapa da su Lekki, inda kuɗin yake. Har kamfanonin da suke ɗaukar fasinja ta waya, masu hular kwano da riga iri ɗaya, dokar ba ta bar su ba. Ba mu farfaɗo ba aka rufe Legas a ƙarshen Maris saboda korona. Mai albashi ya zauna a gida wata ya ƙare ya ji ƙarar waya. Mu kuwa ranar da ba a fita ba, ba a ɗora tukunya ba. A wayar wani yaro muka ga leburorin Indiya, an rufe ƙasarsu da sanarwar awa huɗu, sun ɗauko 'ya'ya a kafaɗa suna taka ɗaruruwan kilomita zuwa ƙauyukansu. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu, don a makon nan namu 'yan'uwan suke ɓuya a bayan buhuna cikin manyan motoci su koma Arewa. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce mutum biliyan 2 ne suke irin wannan aiki da ba rajista ba kariya, sama da kashi 60 cikin ɗari na duk masu aiki a duniya, a Afirka kuma kusan kashi 86. Wato mu ne masu yawa. Amma duk dokar da za a yi, kamar da mai albashi ake auna ta.

Bayan kulle na shiga wani kamfanin kai saƙo, ina murna na sami aikin ofis. Akwai akwati a bayan babur, akwai riga mai tambari, har takarda na sa wa hannu. Sai da wani ɗalibi ya karanta mini ita na gane ba ma'aikaci aka kira ni ba, wai abokin hulɗa ne. Mai nawa, gyara nawa, in kaya ya lalace a cire a kuɗina, in abokin ciniki ya ba ni tauraro kaɗan waya ta daina kawo mini aiki, kuma ba ka da wanda za ka je ka yi wa bayani. Alhaji dai ko ba komai ya zo da lemo. A Ingila direbobin Uber, kamfanin ɗaukar fasinja ta waya, sun kai irin wannan magana har kotun ƙoli, a Fabrairun 2021 ta ce ma'aikata ne, suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu. Abin da na ɗauka a nan shi ne takarda ma iri-iri ce, sai ka san wa aka rubuta ta don ta kare. Tun daga ranar ba na sa hannu sai wanda ba ya cin abinci a wurin ya karanta mini.

A watan Mayun 2022 aka kashe wani matashi a Lekki bayan rigima da masu okada a kan kuɗin hawa. Abin kunya ne da zalunci, kuma ban yarda a ɓoye cewa a cikinmu akwai masu bin hannun da ba nasu ba, da masu taron dangi a kan fasinja. Daga 1 ga Yuni aka tsananta dokar, aka tara babura sama da 2,000 aka murƙushe su ana ɗauka a talabijin. Na san waɗanda nasu yake ciki, wasunsu ba su gama biyan bashinsa ba, kuma bashin bai mutu da babur ɗin ba. Wani makwabcina ya zauna a ƙasa yana kallon hoton a waya, bai yi kuka ba, sai juya makullin yake a hannu. Ranar na tuna Muhammad Bu'azizi na Tunisiya, mai tura kayan marmari a Sidi Buzid, da aka ƙwace masa kaya a Disambar 2010 ya cinna wa kansa wuta. Addini bai yarda da abin da ya yi wa kansa ba, ni ma ban yarda ba, amma na san abin da yake ci a ƙirjin mutum idan an ɗauke jarinsa a gabansa. A Kigali ta Ruwanda ba hana babur aka yi ba. Kowane mai babur yana da rajista, da riga mai lamba a baya, da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja. Wanda ya yi laifi a san shi a kama shi shi kaɗai. Mu da muke biyan tikiti kullum, da an ce mu biya wannan kuɗin a rubuta sunanmu, da gudu za mu je.

Yanzu ina Sango Ota a jihar Ogun. Babura biyu gare ni, kuma da gangan ban ƙara na uku ba, abin da ya samu awaki nake saya a gida wurin mahaifiyata, don su babu mai kama su a titi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 a 'yan kwanaki, fasinja ya koma taka ƙafa, ciniki ya ja baya. Ɗayan babur ɗin yana hannun wani yaro ɗan Gumel. Mun je gaban liman da shaidu biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa, aka rubuta da boko da ajami: ranar da bai da lafiya ba balas, in ya kasa cikawa a lissafa abin da ya biya a mayar masa da kasonsa, in an kama babur asarar ta mu biyu ce. Shi da kwafi, ni da kwafi. A watan jiya zazzaɓi ya kwantar da shi, ya aiko ƙaninsa da makulli yana ba ni haƙuri, na ce ya mayar masa, ya gaya masa ya duba sharaɗi na farko a takardarsa.