Direban da bai sha ba, da jan biron malamarmu

Da malamarmu ta darasin kiwon lafiyar jama'a ta raba aikin zango, ni ta ɗora wa batun tuƙi cikin maye a Amurka. Na yi tsaki a zuci. Ni da ban taɓa kusantar giya ba, me ya haɗa kifi da kaska?

Dabarar da na duba ta magance matsalar ba ta da wuya. Idan abokai za su fita shaye-shaye, sai su ware mutum ɗaya da ba zai kurɓa ba a daren, shi zai mayar da kowa gida. Daga ƙasashen Sikandinebiya aka aro ta. A 1988 Jay Winsten na Jami'ar Harvard ya shawo kan marubutan wasannin talabijin na Hollywood suka riƙa cusa ta cikin labaransu, har ta fito a shirye-shirye sama da 160. Beljiyam ma ta yi nata a 1995, ta raɗa wa direban suna Bob. Tsakanin 1988 da 1992 mace-macen haɗarin mota masu alaƙa da giya a Amurka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Da rawar jiki na rubuta cewa shirin ya yi aiki. Takardar ta dawo da jan biro, malama na tambayar ko me kuma ya faru a waɗannan shekarun.

Ashe abubuwa da yawa. Wata dokar tarayya ta 1984 ta matsa wa jihohin Amurka su mayar da shekarun sayen giya 21, kuma sai a 1988 ɗin nan ta ƙarshe ta bi. Ƙungiyar iyaye mata ta MADD, mai yaƙi da tuƙi cikin maye, tana ta fafutuka tun 1980. 'Yan sanda sun yawaita shingayen gwajin numfashi don gano direbobin da suka sha. Duk wannan na dunƙule na ba talabijin ladansa. Wani bitar bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tallafa wa a 2005 ma cewa ya yi hujjojin ba su isa a yanke hukunci kan shirin ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne binciken Jami'ar Florida na 2013 a ƙofar mashaya: fiye da ɗaya cikin uku na direbobin da aka ware sun sha. Sau da yawa ba kafin fita ake zaɓen ba, sai an tashi tafiya a miƙa makulli ga wanda ya fi iya tsayuwa da ƙafarsa.

Na sake rubutun daga farko. Kalmar "ya rage" da na sa a kanun farko, sau uku ina mayar da ita ina gogewa, a ƙarshe na miƙa takardar babu ita.