Yadda na koyi wasa wuƙa da dutsen Japan

Ni dai tun tasowata wasa wuƙa a gidanmu hanya biyu ce, ko ka goga ta a gefen dakalin siminti, ko ka jira mai washi ya shigo unguwa da injinsa ana jibi Babbar Sallah, ya kanga ta a faifan nan tartsatsi na tashi ya cinye ƙarfen ya miƙo maka. Sai da na fara yanka naman kilishi da kaina na gane wannan washin ba zai kai ni ba, don kilishi so yake a buɗe nama siriri ya shimfiɗu kamar takarda, in wuƙa ba ta da kaifi yaga shi take yi tana huda shi, ga ciwon hannu.

Ƙanina da ke karatu a waje shi ya yo min tsarabar dutsen washi na Japan samfurin King mai fuska biyu, ɗaya 1000 ɗaya 6000. Japanawa toishi suke ce masa, lambar kuma kaushinsa take nunawa, ƙaramar lamba dutse mai kaushi, babba mai santsi. Kashi uku suka raba su: arato mai kaushi irin 220 ko 400 na gyaran bakin da ya ɓalle, nakato na tsakiya wajen 1000 zuwa 2000, sai shiageto na ƙarasawa daga 4000 zuwa sama.

Satin farko a kan 6000 na zauna saboda na ɗauka babbar lamba ita ce kaifi. Bakin wuƙa ya yi ƙyalli kamar madubi amma ko fatar tumatir ba ta shiga, wallahi abin ya dame ni. Ashe aikin gaba ɗaya a kan 1000 yake, kuma akwai alamar da ake jira. In kana wasa gefe ɗaya har ka isa ainihin bakin, ƙarfen zai ɗan lanƙwaso ta ɗaya gefen, siriri kamar gashi, ido ba ya ganinsa sai dai ka shafo da babban yatsa daga bayan wuƙar zuwa baki ka ji yana ɗan kama fata. Su kaeri suke kiransa. In ba ka ji shi tun daga gindi har tsini ba toh ba ka gama wannan gefen ba, ko awa ɗaya ka yi kana gugawa. In ka ji shi sai ka juya ka tayar da shi ta ɗaya gefen, sannan ka sassauta hannu kana shafawa a hankali gefe da gefe har ya faɗi. Ranar da na fara jinsa a yatsana ranar ce wuƙata ta fara yanka takarda ba ta yaga ta ba.

Riƙon kwana, wato yadda za ka karkata wuƙar a kan dutsen, shi ma ya ɗau lokaci. Wuƙaƙen Japan irin na garuruwan Sakai da Seki ƙarfensu da tauri, ana wasa su wajen digiri 15, kamar ka ɗora kwandala biyu ko uku ƙarƙashin bayan wuƙar. Namu na kasuwa ƙarfen ya fi laushi shi ya sa nake ɗaga su wajen 20, in ka kwantar da su sosai bakin naɗewa yake yi da wuri. Dabarar da ta taimake ni ita ce alƙalamin maka, in shafa baƙi a bakin wuƙar in goga sau uku huɗu in duba, inda baƙin ya goge nan dutse ke ci. Kuma gaskiya wuƙar nama yanzu a 1000 nake tsayawa in ƙarasa a kan tsohon belt na fata, ɗan kaushin da ya rage shi ke kama nama, 6000 sai wuƙar albasa da kayan miya.

Dutsen ruwa ne, kar ka kuskura ka zuba masa mai ko wane iri, toshe shi zai yi. Fuskar 1000 nake kifawa a faranti mai ruwa kamar minti 10 zuwa 15 har kumfa ta daina fitowa, ta 6000 yayyafi kawai take so. Akwai irin su Shapton Kuromaku da ba a jiƙa su sam, ka watsa ruwa ka fara. Taɓon da ke taruwa a sama kana aiki kar ka yi ta wanke shi, shi ma wasawa yake, ɗigon ruwa kawai za ka riƙa ƙarawa.

Bayan wata biyu sai na ga tsakiyar dutsen ta lotsa kamar kwano don a wuri ɗaya nake ta gugawa, kwanar ta daina zama daidai. Masu hali farantin daimon na Atoma suke saya don daidaita fuskar dutsen, ni samfefa mai jure ruwa na shimfiɗa a kan gilashi mai kauri, na zana layuka da fensir a fuskar dutsen na yi ta murzawa har layukan suka goge duka. Yanzu duk bayan wasawa uku ko huɗu nake yi, minti biyu an gama.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ranar da na shanya shi a rana lokacin hunturu don ya bushe da sauri, washegari na tarar da siraran tsaga a fuskar 6000. Waje ya bushe ciki na jiƙe, shi ke jawo haka. Har yanzu yana aiki amma duk na ɗauko shi sai na gani. Tun daga nan in na gama sai in ɗauraye shi in jingina shi a tsaye cikin ɗaki inda iska ba ta bugawa, kwana biyu uku kafin ya koma kwali.

Na ji labarin duwatsun asali da aka haƙo a tsaunukan Kyoto irin su Nakayama, tsadarsu ta wuce aljihuna kuma aikina bai buƙace su ba. Abin da nake tara wa kuɗi yanzu dutse mai lamba 400 ne, saboda wuƙar fiɗar Baba da ta ɓalle a kan ƙashi ranar layya, na gwada ta a 1000 kusan awa guda giɓin ko rabi bai tafi ba.